Rufin da Madam Ta Saƙa wa Rediyo

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya. Ɗayanku zai shigo shagona a Gyadi-Gyadi da tsohon rediyon kakansa a kafaɗa, waya a hannu, ya ce wai ya gani a bidiyo, abu ɗaya kawai za a cire a sa wani, minti goma an gama. To madalla! Cirewa da sawa ai ko wanda ya yi wata biyu a sana'ar nan ya iya. Aikin shi ne ka gano abin da ya kashe na farko don kada ya kashe na biyu, kuma a kan wannan ni Sule na yi furfura.

Rediyon da nake magana ba irin na rataye a wuya ba ne. Manyan nan ne masu fuskar azurfa da akwatin katako, masu amfilifaya a ciki, waɗanda ake haɗa musu lasifika biyu da abin sa faifai. In ka buɗe cikinsu, can baya za ka ga wani baƙin abu shimfiɗaɗɗe, ya ɗan fi kwalin ashana girma, ƙafafunsa a jere kamar haƙoran mataji, an ɗaure shi da noti biyu a jikin ƙarfen alminiyam. Mu aisi muke kiransa. Shi ne yake tura sauti zuwa lasifika, shi ne kuma yake shan duk wahalar. Ba a buɗe shi, ba a gyara shi. In ya ƙone ya ƙone, sai dai a nemo wani.

Maigidana Malam Inuwa, Allah ya ji ƙansa, wata uku ya yi bai bar ni na riƙe ayan na narka dalma ba. Abin da ya ba ni buroshi ne da tsumma, sai kuma bayan yatsana. Ya kunna rediyo, ya bar shi ya yi kiɗa, sannan ya ce, "Taɓa ƙarfen nan. Ƙirga." In na kai goma ban janye hannu ba, lafiya lau. In na yi tsalle tun a uku, sai ya yi dariya ya ce, "Ka ji ko? Abin da kai ba ka iya jurewa na ɗan lokaci, shi yini yake yi a ciki." A wurinsa na koyi cewa zafi ne babban maƙiyin aisi. Shi ya nuna mini yadda ake goge tsohon farin man da ke tsakanin aisi da ƙarfe in ya bushe, a shafa sabo siriri, kada a cika. Shi ya koya mini haɗa ƙwan lantarki a kan layin wuta kafin a kunna abin da aka gyara: in ƙwan ya yi haske ya koma ja-ja, ka yi hamdala, in ya tsaya da haske fal, kashe da sauri, akwai sauran cuta. Ƙwan nan guda ya ceci aisi da yawa a hannuna fiye da mita mai tsada.

Ɓarnar da na gani kuwa, in na ce zan ba ku labarinta sai mu yini. Akwai mutumin Unguwar Gano da fis ɗinsa ya tsinke, ya naɗe shi da takardar azurfar kwalin taba, ya zo yana mini alfahari wai ya yi dabara. Fis ai mai gadi ne, shi yake mutuwa don aisi ya rayu, shi kuwa ya ɗaure mai gadin ya buɗe ƙofa. Akwai wani mai gyara a Ƙauyen Alu da ya ga muna shafa farin mai, ya je ya shafa man goge haƙori. Na buɗe rediyon sai ƙamshi ya bugi hancina, na yi dariya har da hawaye. Sai masu suna da biki, da za su ɗaura lasifika shida a inda aka yi don biyu, wayoyi tsirara suna taɓa juna, a murɗe sauti har ƙarshe don maƙwabta su san ana sha'ani.

Aikin farko da Malam Inuwa ya tura ni ni kaɗai, a shekarar da sojoji suka fara miƙa mulki ga farar hula ne. Wani akawun gwamnati mutumin kudu, Mista Udo, da ke zaune a bayan kasuwar Tarauni, ya sayi sabon rediyo dal a kwali, yana son a haɗa masa kafin ranar rantsar da sabon shugaban ƙasa. Na tafi da jakar kayan aiki ina tafiya kamar wani babban injiniya. Na ja wayoyi, na ɗaure su tsaf, na tsayar da eriya. Shi maigidan yana tsakar gida yana hira da baƙi. Ina gamawa sai ga matarsa, wadda kowa ke ce wa Madam, ta fito da wani rufi da ta saƙa da kwarashi, na ulu ja da fari, har ta yi masa shafi da yadi mai kauri daga ciki. Ta shimfiɗa shi a kan rediyon, ya rufe saman da gefe da baya ruf, ta ja da baya tana kallonsa tana murmushi.

Na ce, "Madam, ya yi kyau wallahi. Amma kin ga ƙofofin nan na sama? Ta nan yake numfashi. In za a kunna, a cire rufin. In an kashe ya huce, a mayar."

Ta dube ni sama da ƙasa. Hausa a bakinta kamar a Kano aka yanke mata cibiya. Ta ce, "Ji iyayi! Ko gemu ba ka yi ba za ka koya mini riƙon kayan ɗakina?"

Na ce, "Ba ni na faɗa ba, maigidana ne."

Ta yi dariya ta ce ta ji, ta kuma cika mini ciki da shinkafa da miyar kifi. Na manta da maganar kafin na kai bakin titi.

Shekara ashirin rediyon nan bai taɓa ƙona aisi ba. Yana zuwa shago jefi-jefi, a wanke masa mamurɗai, a canza ƙwan fuska, shi ke nan. Duk wanda ya yi mini gardama a kan aikina sai na ce ya je Tarauni ya tambayi Mista Udo wa ya haɗa masa rediyo. Na ci tuwo da sunan rediyon nan ba kaɗan ba.

Na kuwa buƙaci abin alfahari, don a tsakiyar shekarun nan na sha mummunar shekara. Kamfanoni suka daina yin irin aisin nan, sai jabu suka cika kasuwa, lamba iri ɗaya, rubutu iri ɗaya. Na saya na sa wa mutane da zuciya ɗaya. Kafin damina ta wuce rediyoyin suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, wasu har sun tafi da lasifikar masu su. Aka sa mini suna Sule Hayaƙi a layinmu. Na sa guduma na fasa guda, na ga ɗan abin da ke ciki bai kai ƙwayar gero ba. Daga ranar na koyi auna aisi a tafin hannu, na asali yana da nauyi, ƙarfen bayansa da kauri. Na shiga bin masu gwangwan ina sayen matattun rediyoyi, ina ciro masu rai ina adanawa a gwangwanin madara. Da ƙyar na wanke sunana.

To, sai aka zo shekarar da sojoji za su sake miƙa mulki. Gari ya ɗauki zance, a shago, a masallaci, a wurin mai shayi, kowa ya zama masanin siyasa. Ni kaina murna nake kamar ni za a rantsar. Ana cikin haka, da shigowar zafi, sai ga Mista Udo, wanda yanzu ya yi ritaya kowa na ce masa Baba Udo, an sauko masa da rediyo daga tasi. Ɓangare ɗaya na sautin ya mutu. Madam ta rasu kafin nan da 'yan watanni, na je gaisuwa har gida. Na buɗe na ga aisi ya ƙone, na ce ai ya yi ƙoƙari, tsufa ne. A gwangwanina saura biyu irin nasa. Na sa masa ɗaya, na yi duk abin da ake yi, ya tafi.

Sati biyar ya dawo. Na ga tasi ta tsaya, na ga ƙafar katakon rediyon, na san aisin ya sake ƙonewa.

Ya zauna a kan bencina yana share gumi. Ya ce, "Sule, ni ba rigima na zo yi ba. A rediyon nan ni da Madam muka ji rantsuwar farko. Tun bara take cewa a cikinsa za mu ji ta biyu, Allah bai nufa ba. Yara sun ce za su saya mini sabo, na ce ba na so. Saura kwana tara. Za ka iya, ko ba za ka iya ba?"

Na ce, "Baba, zan faɗa maka gaskiya. Aisi ɗaya ya rage mini irin wannan, kuma ban san inda zan sami wani a Kano ba. In wannan ya ƙone, rediyon ya zama akwatin ajiye takardu."

Ya ce, "To kada ya ƙone."

Na sa aisin na ƙarshe. Kwana uku na yi a kan rediyon nan. Na auna wutar da ke fita bakin lasifika, daidai. Na canza duk kwandensan da na ga sun fara kumbura, wato 'yan gwangwanayen nan masu tara wuta. Na sake narka dalmar duk ƙafar da na yi zargi. Na sa aka kawo lasifikokinsa na auna, lafiyarsu ƙalau. Na kunna shi daga hantsi har la'asar a cikin zafin nan na Kano, na sa bayan yatsa na ƙirga har ashirin. Maimakon na ji daɗi sai hankalina ya ƙara tashi, don ban kama ɓarawon ba. Nan na tuna Malam Inuwa ya taɓa ce mini in abu ya ƙone sau biyu kuma lafiyarsa ƙalau a kan tebur, na daina zargin abin, na bi shi gidansu na ga yadda ake zama da shi.

Na ɗauko shi da kaina zuwa Tarauni. Na duba soket, na duba sitabilaiza, na bi wayoyin lasifika da hannu har bayan kujera ko ɓera ya ci. Babu komai. Na ɗora shi a kan teburinsa na da, na haɗa. Baba Udo ya shiga uwar ɗaki ya fito da rufin nan ja da fari a hannu biyu, ya shimfiɗa shi, ya gyara gefe da gefe, ya ɗaga ɗan leɓen gaba kawai, ya murɗa makunni. Sauti ya cika falo, ya juyo yana murmushi.

Na yi tsalle na kashe. Na ce, "Baba! Haka kake kunna shi?"

Na kai hannu zan yaye rufin, ya cafke mini wuyan hannu. Ban san tsohon nan na da ƙarfi haka ba.

Ya ce, "Kada ka taɓa. Madam ba ta yarda a bar rediyon nan tsirara ba. Ko yara suka bar shi a buɗe sai ta yi faɗa. Yadda ta bar shi haka zai zauna."

Na ce, "Baba, da tana raye wa yake kunnawa?"

Ya ce, "Ita mana. Ni in na dawo aiki na zauna, sai na ce ta sa mana labarai."

"Shekara ashirin ba ka taɓa kunnawa da kanka ba?"

"Me zai sa? Tana nan."

Sai komai ya faɗo mini lokaci ɗaya, har shinkafa da miyar kifin. Na ba shi labarin ranar da na haɗa rediyon, da abin da na ce mata, da abin da ta ce mini. Na ce, "Baba, cirewa take yi duk lokacin da za ta kunna. Faɗan da ka ji tana yi, na wanda ya kashe bai mayar ba ne. Rabin dokar ka riƙe."

Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Kai za ka gaya mini matata? Ni na zauna da ita ko kai?"

Na ce, "Ba zan taɓa ba. Kai ka duba da idonka."

Na nuna masa da yatsa daga nesa. A jikin ulun akwai layi biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, sun gicciye a tsakiya, inda zaren ya kwanta ya koɗe saboda ninki. Abin da aka shimfiɗa aka bari ba ya yin wannan alama. Na ce ya ɗaga gefe ya leƙa shafin. Ya leƙa. Daidai saitin ƙofofin iska yadin ya yi ruwan ƙasa kamar an bar dutsen guga a kai, kuma sabon tabo ne, har da ƙauri.

Ya saki gefen rufin. Can ya ce, "Ka je, Sule. Na gode."

Na roƙe shi kada ya kunna kafin ranar, ya ɗaga mini hannu kawai. Kwana shida na yi ina aiki rabin hankalina na Tarauni. Duk tasin da ta rage gudu a ƙofar shago sai na miƙe. Na ji haushin tsohon, na kuma ji tausayinsa, don na san ba da rediyo yake gardama ba.

Ranar rantsuwa na rufe shago tun da safe na hau babur. Titi cike, yara na bin motoci da ihu, masu shaguna sun fito da rediyoyi bakin ƙofa. Gidan Baba Udo kuwa babu masaka tsinke. Maƙwabta Musulmi da Kirista, har a tagogi, ga kuloli na abinci an jere. Maƙwabcinsa Alhaji Tanko, ɗan kasuwa mai son harka, ya sa an kinkimo manyan lasifikoki biyu daga gidansa, yana ta kiran a ƙara su don na waje su ji.

Na tare ƙofa na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ko guda ba za a ƙara ba."

Ya ce, "Haba Injiniya! Yau fa ranar 'yanci ce, kowa ya yi abin da yake so!"

Na ce, "Ban da aisina. Jaki ɗaya ne, ba za a ɗora masa kayan huɗu ba. A buɗe tagogi, zai kai har bakin kasuwa."

Aka yi dariya, aka mayar da lasifikokin. Na kutsa cikin falo, sai na ga rediyon a rufe ruf da rufinsa. Na yanke a raina in ya kunna haka zan cire filogi a gaban kowa, ko da zai kore ni daga gidan har abada.

Baba Udo ya fito cikin fararen kaya da zanen garinsu. Ya tsaya gaban rediyon, mutane na ta cewa, "Baba a kunna, an kusa farawa!" Bai kula su ba. Ya sa hannu biyu ya ɗaga rufin a hankali. Ya ninka shi biyu, ya sake ninkawa, ulun ya bi tsofaffin layukansa da kansa ya kwanta. Ya murɗa makunni, fuskar rediyon ta kama da haske kore, taken ƙasa ya tashi tas babu ko ƙarar sauro. Falo ya kaure da sowa, Alhaji Tanko na ta kabbara, mata na guɗa a tsakar gida. Ni kuwa baki har kunne, na zagaya na ɗora bayan yatsa a kan ƙofofin iska ina ƙirgawa kamar ɗan koyo.

Ya koma kujerarsa ya zauna, ya ɗora ninkakken rufin a kan gwiwarsa, ya aza tafukansa biyu a kai. Sai na ga ya sunkuya yana kallon hannayen nasa. Ya yafito ni, na durƙusa kusa da shi don hayaniya.

Ya ce, "Haka take zama. Kullum yana kan cinyarta in muna jin labarai. Ni na ɗauka son abin take yi don ita ta saƙa."

Na ce, "Allah ya ji ƙanta, Baba."

Ya share ido da bayan hannu, sannan ya dube ni yana 'yar dariya. Ya ce, "Kai kuma, Sule, shekara ashirin tana yi maka aiki kana yawo a gari kana karɓar yabo."

Ban musa ba, don gaskiya ya faɗa. Aka yi rantsuwa aka gama, aka yi ta sharhi har la'asar, rediyon bai ko yi tari ba. Da aka kashe na miƙe zan tafi, na gan shi zaune yana jira da rufin a hannu. Ya taɓa saman rediyon da bayan yatsa, ya ce mini, "Bai huce ba tukuna."

Rediyon yana hannun 'yarsa yanzu a Unguwa Uku, da aisin nan nawa na ƙarshe a ciki. Shi ya sa in kun kawo mini naku, kafin na ɗauki sukundireba nake tambayarku wa yake kunna shi a gida.